Kafin Ka Sayi Gonar Koko a Ƙauyukan Idanre

Tun daga watan Maris na shekarar 2024, sa'ad da farashin tan guda na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar birnin Niyok, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin cinikin wannan amfanin gona, wata sabuwar magana ta shiga zaurukan 'yan kasuwarmu mazauna Kurmi, daga Sabon Badun zuwa Shagamu da Agege da Akure. Maganar kuwa ita ce ta mallakar gona. Mutumin da ya shafe shekara 20 yana ɗaure huhun goro yana aikawa Kano ya gani da idonsa yadda manomin da a da yake zuwa rancen kuɗin makarantar 'ya'yansa ya sauya rufin ɗaki, ya sayi babur sabo fil, har ya zuba harsashin gida a cikin gari. Don haka ba abin mamaki ba ne idan zuciyarsa ta raya masa cewa shi ma ya nemi 'yar hekta 5 ya ajiye. Ra'ayina shi ne, ga baƙo mai jari, sayen gona a irin waɗannan ƙauyuka shi ne mafi rauni a cikin hanyoyin cin moriyar koko, kuma akwai waɗanda suka fi shi riba da kwanciyar hankali, waɗanda iyayenmu fataken goro suka daɗe da sani.

Bari mu ɗauki ƙasar Idanre ta Jihar Ondo a matsayin misali, tun da yake Ondo ce kan gaba wajen noman koko a Nijeriya, Idanre kuma tana cikin ƙananan hukumomin da suka fi samar da shi a jihar. Garin kansa yana kudu da Akure, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, a tsakiyar waɗansu manya-manyan duwatsu da kakannin mutanen suka zauna a kansu ɗaruruwan shekaru kafin su sauko ƙasa a shekarun 1920 da 1930. Sai dai noman yana can cikin daji, a 'yan ƙananan ƙauyukan gona da Yarbawa ke kira aba, waɗanda da a wajenmu ne sai a ce tunga. Gidaje ne 'yan kaɗan na laka da rufin kwano, a gaban kowanne akwai daɓen siminti ko tamfol na shanya koko. Ruwan sha daga rafi yake ko rijiya. Da yawansu ba su da wutar lantarki, sai allon hasken rana da ake cajin waya da shi, makaranta da asibiti kuwa sai an hau babur. Mazauna wurin haɗin gambiza ne: akwai 'yan ƙasa, akwai Yarbawan da suka zo daga Osun da Oyo tun zamanin kakanninsu, akwai Ibo da Urhobo, ga kuma 'yan ƙwadago daga Binuwai waɗanda akan yi yarjejeniya da su ta shekara guda a biya su bayan kaka.

Akwai wani abu game da rayuwar aba da ya kamata mai neman dukiya ya lura da shi tun da wuri. Akasarin mutanen da ke cikinta suna ɗaukarta wurin aiki ne kawai. Gidansu na ainihi yana garinsu, can suke gini, can suke biki, can kuma ake kai su idan ta Allah ta kasance. Masaniyar tattalin arziki Sara Berry ta nuna haka a binciken da ta wallafa a 1975 a kan manoman koko na ƙasar Yarbawa, kuma har yanzu al'amarin bai sauya sosai ba. Sakamakon wannan a fannin kasuwanci shi ne kuɗin koko ba ya kwana a ƙauyen da ya samar da shi. Wanda ya gina gida mai kyau a aba da niyyar ya sayar ko ya ba da haya zai daɗe yana jiran mai taya shi, alhali fili a bakin titin Akure ko Ondo ko Ore shi ne yake tashi duk lokacin da koko ya yi daraja.

Dangane da farashi kuwa, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa tashin da aka yi ya kai ga aljihun manomin Nijeriya fiye da na maƙwabtansa. A Gana da Kwaddebuwa, ƙasashen da suka fi kowa noman koko a duniya, hukuma ce take yanke farashin da za a biya manomi a kowace kaka. Mu nan an rushe Hukumar Cinikin Koko tun 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, saboda haka farashin sikeli a ƙauye yana bin na kasuwar duniya kai tsaye. Da cututtukan itace da rashin kyan yanayi suka rage amfanin waɗancan ƙasashe biyu, farashin da ya daɗe yana yawo tsakanin dala 2,000 da 3,000 ya yi tashin gwauron zabo har ya wuce dala 12,000 a watan Disamba na 2024. A daidai wannan lokaci kuma Naira ta faɗi warwas bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023. Abubuwa biyun suka haɗu, aka wayi gari tan guda ya haura Naira miliyan 10 a waɗansu watanni na 2024.

To, amma ƙofar da riba ta shigo, ta nan hasara take shigowa. Kafin ƙarshen 2025 farashin duniya ya sauko zuwa kimanin rabin abin da ya kai, kuma babu wata hukuma da za ta tare wa manominmu. Wannan kuwa tsohon hali ne na koko. Ya yi irin wannan tashi a 1977, kowa ya ruga ya dasa, itatuwan suka fara 'ya'ya tare, kasuwa ta cika, har a shekarar 2000 tan guda ya koma ƙasa da dala 1,000. Dalilin yana cikin itacen kansa: yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara 'ya'ya, saboda haka manoma suna amsa kiran farashin bana ne da amfanin da zai shiga kasuwa bayan farashin ya wuce. Duk wanda ya sayi gona a kan lissafin 2024 ya biya kuɗin shekarar da ba lalle ba ne ya sake ganin irinta kafin itatuwan su tsufa.

Ko da farashi ya tsaya cik, akwai tambayar da ta fi shi nauyi, wato mene ne ainihin abin da ake sayarwa idan aka ce an sayar da gona. A bisa al'adar ƙasar Yarbawa, ana iya raba mallakar itace da mallakar ƙasar da yake kai. Manomi baƙo yana iya dasa koko a ƙasar wani gida, itatuwan su zama nasa, ya gadar wa 'ya'yansa, amma duk shekara yana kai wa masu ƙasa wani abu da suke kira isakole, kwatankwacin gallar da muka sani. Idan irin wannan manomi ya ce zai sayar maka da gonarsa, abin da yake da ikon sayarwa shi ne itatuwan da kuma matsayinsa na ɗan haya, kuma ko wannan sai da yardar masu ƙasa. In kuwa ƙasar ta gado ce, to ta dangi ce gaba ɗaya. Tun 1959 kotuna suka tabbatar da ƙa'idar cewa cinikin da 'yan gida suka yi ba tare da shugaban gidan ba ɓatacce ne tun daga tushe, wanda kuma shugaban gida ya yi shi kaɗai ba da amincewar manyan 'yan gidan ba ana iya zuwa kotu a warware shi. Ɗan gidan da yake aiki a Ikko ko a Landan, wanda ba a tuntuɓa ba, yana iya dawowa bayan shekaru ya ta da magana, musamman idan ya ji koko ya yi kuɗi.

Waɗansu sukan ce ai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta share duk wannan, tun da ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da iznin zama a ƙasar karkara har hekta 500 don noma. Wannan fahimta ta jefa mutane cikin wahala. A shari'ar Abioye da Yakubu, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1991, waɗansu Fulani ne a Jihar Kwara da aka ba su wurin zama da kiwo suna biyan galla suka ɗauka cewa dokar ta mai da su masu ƙasa. Kotu ta ce a'a, dangantakar mai ƙasa da ɗan haya ta gargajiya tana nan daram. Bugu da ƙari, ita dokar ta shar'anta cewa ba a sayar ko jinginar da izinin zama sai da amincewar hukuma. Takardar da aka rubuta a gindin itace da shaidu biyu tana da amfaninta, amma banki ba zai karɓe ta a matsayin jingina ba, sai ya zama mai jari ya binne kuɗinsa a wurin da ba zai iya ranto ko sisi a kansa ba.

Mafi haɗari duka shi ne gandun dajin gwamnati. Jihar Ondo tana da irinsu da dama, kamar na Idanre da na Oluwa da na Akure-Ofosu, kuma sanin kowa ne cewa a cikin shekaru masu yawa manoma sun kutsa cikinsu sun dasa koko, domin sabuwar ƙasar kurmi ta fi ba da amfani. Sau da yawa gonar da ta fi kyan gani, wadda kuma aka fi sakin farashinta, a can take. Babu wani sarki ko mai unguwa da yake da ikon sayar da ita, kuma ranar da gwamnati ta ba wani kamfani wurin, ko ta tashi korar masu kutse, rasit ɗin da mutum ya riƙe ba zai hana katafila aikinta ba. Yanzu kuma ga wata sabuwa daga waje. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka da ta hana shigar da koko da waɗansu kayayyaki idan an noma su a ƙasar da aka sare dajinta bayan 31 ga Disamba, 2020, ko kuma an noma su ba bisa dokar ƙasar da suka fito ba, ta kuma bukaci a nuna ainihin wurin da kowace gona take a taswira. An ɗage fara aiki da dokar har sau biyu, amma manyan masu fitar da koko tuni suka shiga auna gonaki, domin Turai, musamman Holan, ita ce babbar kasuwarmu. Koko daga gandun daji zai ƙare ne a hannun masu saye da arha.

A ce ma an tsallake duk wannan, gonar koko ba ta son mai ita ya yi nisa. Itatuwa da yawa a yankin sun haura shekara 30, ƙarfinsu ya ragu, kuma wanda ya saye su tilas ya shirya sake dashe. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Badun ta fitar da ingantattun iri guda 8 a 2011 waɗanda suke fara 'ya'ya da wuri, sai dai ko da su akwai shekarun kashe kuɗi ba tare da shigar komai ba. Da damina cutar da ke baƙanta kwanson koko tana iya cinye babban kaso na amfani idan aka yi jinkirin feshi na 'yan makonni. Ga sassabe, ga ɗiba, ga fasawa, ga ɓarayi waɗanda suka ƙaru tun da farashi ya tashi. Ɗan kasuwar da shagonsa yake Akure ko Badun dole ya bar wa wani, galibi bisa tsarin kashi-mu-raba, kuma shi ne ba zai taɓa sanin buhu nawa aka cire ba. Idon mai dukiya shi ne takinta, a gonar koko kuwa abin ya fi haka tsanani.

To, ina kuɗin yake ga baƙo? Tarihin goro ya isa amsa. Bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a farkon shekarun 1910, cinikin goro ya karkata daga Gwanja zuwa ƙasar Yarbawa, aka kafa unguwannin Sabo, ciki har da ta Badun a 1916. Fataken da suka yi arziki a wannan sana'a ba su mallaki itacen goro ba. Abin da suka riƙe shi ne abin da ke tsakanin gona da kasuwa: sanin mai kyau da maras kyau, ɓarewa da tsincewa, ɗauri da ganyen fita, ajiya har farashi ya tashi, da kuma amanar da ke tsakanin maigida da baƙonsa, wadda Abner Cohen ya yi bayaninta a littafinsa na 1969 a kan Sabon Badun. Har gobe goro yana tsirowa a tsakanin itatuwan koko a waɗannan ƙauyuka, wato ƙafar da za ta kai mutum ga ɗaya ita ce za ta kai shi ga ɗayan.

A koko ma giɓin yana wuri guda. Bayan an fasa kwanso, ana tara ƙwayar a lulluɓe ta da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ta tsima, sa'an nan a shanya ta har danshinta ya sauko zuwa kashi 7 ko 8 cikin 100. Manomin da bashi ya kama, ko wanda yake tsoron ɓarawo, yakan gajarta kwanakin, ya kai sikeli da danshi, a zaftare masa kuɗi. Tun bayan rushe hukumar ciniki ake kukan cewa ingancin kokon Nijeriya ya ja baya, kuma saboda haka ana sayensa ƙasa da na Gana. Wanda ya kafa wurin tsimawa da busarwa mai rufi a mahaɗar hanyoyin ƙauyuka, da sito mai iska, da sikeli na gaskiya, yana sayar da abin da kasuwa take nema, kuma jarinsa yana juyawa sau da yawa a kaka guda. Ribarsa tana cikin bambancin farashin saye da na sayarwa, saboda haka ko farashin duniya ya faɗi yana da abin yi, muddin bai yi kwaɗayin ɓoye kaya masu yawa yana jiran tashi ba. Wannan kwaɗayi shi yake karya dillalai duk lokacin da kasuwa ta juya.

Wanda kuma ya matsa sai ya ɗanɗana noman, akwai haya ta 'yan shekaru da jinginar itatuwa, waɗanda duka sananne ne a yankin tun da daɗewa. Sun fi saye sauƙin fita. Amma a yi su a rubuce, da safiyo, da lauya, a gaban shugaban gida da manyan 'yan gidan, bayan an je ma'aikatar gandun daji ta jiha an tabbatar wurin ba ya cikin iyakarta. Nan kuma ya dace a tuna cewa jinginar da mai ba da bashi zai ci amfanin gona ba tare da ana rage bashin ba, malamai suna da magana a kanta, don haka ya kyautu a tambaye su kafin a sa hannu.

Duk wannan lissafi yana rataye ne a kan hanya. Ruwan sama a wannan yanki yakan ɗauki wajen wata 7, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hanyoyin aba na jar ƙasa ne, da gadojin katako a kan rafuka. Babbar kaka tana farawa ne a Oktoba, lokacin da hanyoyin suka gama lalacewa, ta kai Janairu. A wurare da yawa babur ne kaɗai yake shiga, buhu ɗaya ko biyu a kowane sawu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin kowane sawu ya ninka. Gonaki biyu masu itatuwa iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a daraja saboda kawai ɗaya mota tana isa bakinta. Ondo tana cikin jihohin da suka shiga shirin gyaran hanyoyin karkara da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, kuma ɗan kasuwa mai hankali zai nemi sanin waɗanne hanyoyi aka gama, ya bar waɗanda ake alkawari a bakin 'yan siyasa.

Akwai kuma ɓangaren tafiya da ba a son faɗa, amma ɓoye shi cutar mai karatu ne. Satar mutane a dazuzzukan Kudu maso Yamma ta sa an kafa rundunar Amotekun a 2020, kuma a watan Janairu na 2021 marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu ya ba makiyaya wa'adin kwana 7 su fice daga gandayen dajin Ondo. A wata mai bi masa rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Badun, 'yan kasuwa suka yi hasarar rayuka da dukiya. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, maƙwabciyar Ondo. A irin wannan yanayi mutanen ƙauye ba sa tsayawa bambance ɗan kasuwa da waninsa idan tsoro ya kama su. Baƙon da zai shiga aba ya fara da Sarkin Hausawan garin, shi kuma ya gabatar da shi ga fada da ƙungiyar manoma, ya shiga da rana tare da ɗan gari, ya kuma bar ɗaukar tsabar kuɗi tun da yanzu ana iya aikawa ta waya. Ta fuskar jari ma wannan wani dalili ne na fifita abin da za a iya kwashewa ko a sayar cikin mako guda a kan itacen da ba ya tashi daga inda aka dasa shi.

Game da yawon buɗe ido, wanda waɗansu suke kafa hujja da shi wajen tallar filaye, ban ga abin ɗoki ba tukuna. Gaskiya ne duwatsun Idanre abin kallo ne. Akwai matakala fiye da 600 zuwa tsohon garin da ke sama, inda tsohuwar fada take, kuma tun 2007 wurin yake cikin jerin share fage na hukumar UNESCO. A zamanin Gwamna Olusegun Mimiko an yi ƙoƙarin raya shi da bikin hawan dutse na shekara-shekara. Amma akasarin masu zuwa ɗalibai ne da 'yan yawon wuni ɗaya, waɗanda suke hawa da safe su sauko da la'asar su koma Akure su kwana, kuma babu mai bi ta aba. Wanda zai ci kuɗinsu shi ne mai motar haya, da mai abinci, da mai tsire a gindin matakala ranar Asabar.